Gumi da Lada: Muhawarar da Ake Yi a Gindin Duwatsun Makka

Duk inda mutum ya tsaya a Aziziyya ya ɗaga kai, baƙin dutse zai gani yana leƙowa ta bayan dogayen gidajen alhazai. Unguwar tana kudu maso gabashin Harami, ta jingina da Mina, a shimfiɗe cikin kwari kamar yawancin unguwannin Makka. Babban titinta na kantuna ne, masu jallabiya da darduma da turare da akwatunan zuba tsaraba. A nan tsohuwar harabar Jami'ar Ummul Ƙura take, a nan kuma masallacin da ake kira da sunan Sheikh Bin Baz yake. Wanda aka sauke a Aziziyya, in zai je Ka'aba sai bas ta ratsa da shi ta ramin da aka huda a cikin dutse. In kuwa jifa za shi, daga gefen unguwar da ke kallon Mina, ƙafarsa ta ishe shi.

Idan aka gama aikin Hajji aka shiga zaman jiran jirgi, kwanaki sukan yi tsawo. An auna kaya an sake aunawa, guzuri ya fara ja da baya, hira ta ƙare an koma maimaici. A wannan zaman ne maganar hawan dutse ke tashi. Matasa huɗu ko biyar za su haɗa kuɗin tasi su fita bayan isha ko kafin asuba, wasu su nufi Dutsen Nur inda Kogon Hira yake, masu ƙarfin hali su nufi Dutsen Saur, wanda ba shi da nisa da kudancin unguwar. Da hantsi za su dawo suna ɗingishi, cinyoyi sun ɗaure, waya cike da hotuna. Dattijon da ke zaune a ƙofar masauki zai tare su da cewa, "Sannunku Alhazai, kun kwashi lada." Malamin da ke gefe yana jan carbi kuma ya ɗago ya ce, "Ladan me, Alhaji? Wa ya aike su?"

Su biyun ba su san cewa tsohuwar muhawara suka tono ba. Wahalar da mutum ya tashi ya nemo da ƙafarsa, alhali ga sauƙi a gabansa, ana rubuta masa ita a littafin lada, ko kuwa gajiya ce kawai?

Kafin a buɗe littattafai, ya kamata a dubi wasu masu hawan dutsen da ke kusa, waɗanda ba sa da'awar komai. Daga Aziziyya hanya ta miƙe gabas, ta wuce gefen Arfa, ta kama Dutsen Kara tana murɗawa har Hada, daga nan sai Ɗa'ifa. Makka ba ta wuce mita 300 daga doron teku ba, Hada kuwa ta kusa mita 2,000. A ɗan wannan tsakani mutum zai bar zafin Makka ya shiga hazo da iska mai sanyi, ga birai a bakin titi suna jiran a jefa musu abinci, ga gonakin furen wardi da rumman da inabi. A tsaunukan Hada da Shafa, da can kudu wajen Baha da Abha, akwai tsofaffin turbobin raƙuma da jakai da suka haɗa ƙauye da ƙauye, wasu an jera musu duwatsu tun kafin a san mota. Irin waɗannan turbobi ne yau ke jan matasa masu keken dutse.

Keken nasu dabam yake da wanda aka saba gani. Tayarsa mai kauri ce mai haƙora, don ta kama tsakuwa. Yana da giya barkatai, da sifirin a gaba da ke shanye dukan dutse kafin ya isa kafaɗa, da birki mai faifai irin na babur. A hawa, mahayin zai sa ƙaramar giya ya sunkuya kan hannun keke, ƙafa na juya feda da sauri, keke na tafiyar hawainiya, gumi na ɗiga daga ƙarƙashin hular kwano. In ya kai ƙololuwa ya juyo, sai ya ɗaga daga sirdi ya ja jiki baya, yatsa ɗaya a kan birki, ya saki kansa cikin gangara. Awa biyu na hawa, minti goma na saukowa.

Wasan ba tsoho ba ne. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka fara tono tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga tsaunukan yankinsu. A 1976 suka fara tsere a wata gangara mai tsanani, wadda man birkin keke ke ƙonewa a cikinta, sai an sake cusa wani kafin a koma. Daga cikinsu ne aka sami irin su Joe Breeze da Gary Fisher, waɗanda suka shiga ƙera keken da aka yi musamman don dutse. A 1996, a birnin Atlanta, wasan ya shiga gasar Olamfik.

Manomin Filato ko na Mambila da ya ɗora buhun dankali a kariyar tsohon Raleigh, ya sauka yana turawa a tudu, in aka gaya masa akwai masu sayen keken dubban riyal don su sami wannan wuyar, dariya zai yi har ya kusa sakin keken. Abin da yake roƙon Allah ya raba shi da shi, shi ne wani ke ɗaukar hutu don ya same shi. Amma mai keken dutse yana da wata nagarta da ya kamata a yaba masa: bai ɓoye dalilinsa ba. In aka tambaye shi zai ce daɗi yake ji, ko tumbi yake ragewa, ko so yake ya wuce abokinsa. Shari'a kuwa ba ta da rigima da wannan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha da ƙafa, ya shirya sukuwar dawaki a Madina daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, kuma taguwarsa Adba, wadda ba a taɓa wuce ta ba, wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Muddin salla ba ta kuɓuce ba, mutum bai jefa kansa cikin halaka ba, wasa halal ne. In ya haɗa da niyyar samun ƙarfin jiki don bauta, niyyar tana da nata sakamako, amma dutsen da ya hau bai ƙara masa komai ba, shi ma bai ce ya ƙara ba.

Maganar tana rikicewa ne idan wahala ta ɗaura harami.

A 2010 wasu matasa biyu daga Kef Tawun a Afirka ta Kudu, Nathim Cairncross da Imtiyaz Haron, suka hau keke suka yi kusan wata tara a hanya, tafiyar kimanin kilomita 11,000, suka iso kafin Hajjin shekarar. A 2017 wasu mutum takwas suka tashi daga Landan suka isa Madina cikin kusan mako shida, suna tara kuɗin taimakon marasa lafiya a Siriya. Namu na gida ma bai bari an bar shi a baya ba: Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a kan keke a farkon 2021, ya bi ta Chadi da Sudan, ya isa ƙasa mai tsarki a ƙarshen 2022. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, jama'a kashi biyu suke rabuwa. Wasu su ce wannan shi ne Hajji na gaskiya, ba na masu kwana a jirgi su farka a Jidda ba. Wasu su ce neman suna ne da azabtar da kai. Kowane ɓangare kuma yana da nassin da yake riƙe da shi, shi ya sa gardamar ba ta mutuwa.

Masu ganin falalar wahala suna da hujja mai ƙarfi. A Suratul Hajji, inda aka umarci Annabi Ibrahim ya yi shelar Hajji, an ambaci masu zuwa da ƙafa kafin masu zuwa a kan raƙuma, kuma an ruwaito Abdullahi ɗan Abbas yana nadamar rashin yin Hajji da ƙafa saboda wannan jeri. An ruwaito Hasan ɗan Ali ya yi Hajji da ƙafa sau da yawa, ana janye da ababen hawansa a gefe. Lokacin da Nana A'isha za ta fita Tan'im ta ɗauko haramin Umara, Manzon Allah ya shaida mata cewa ladanta gwargwadon gajiyarta ne ko abin da ta kashe. Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Madina, ya ce su zauna a unguwarsu, takunsu ana rubutawa. Akwai ma wanda ya fi wannan: wani sahabi da gidansa ya fi na kowa nisa, kuma salla ba ta wuce shi, aka ba shi shawarar ya sayi jaki saboda duhu da zafin rairayi, ya ƙi, ya ce so yake a rubuta masa zuwansa da komawarsa. Annabi bai hana shi ba, ya ma yi masa albishir da cewa Allah ya tara masa duka. Muslim ne ya ruwaito.

Ɗaya ɓangaren ma hannunsa ba wofi yake ba. Annabi ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu, ya tambaya, aka ce bakance ya yi zai je da ƙafa. Ya ce Allah ba ya bukatar wannan tsoho ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau. 'Yar'uwar Uƙba ɗan Amir ta yi irin wannan bakance, aka ce ta taka kuma ta hau. Shi kansa Manzon Allah a kan taguwa ya yi Hajjin bankwana, a kanta ya tsaya Arfa, har ɗawafi ya yi a kan raƙumi yana taɓa Hajarul Aswadi da sanda mai lanƙwasa.

Labarin da ya fi warware ƙullin shi ne na Abu Isra'ila. Annabi yana huɗuba ya hango mutum tsaye a rana. Aka ce ya yi bakancen zai tsaya ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Abu huɗu ke nan, duka masu wuya. Annabi ya sa a gaya masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, amma ya cika azuminsa. Da wuya ce ma'auni, da tsayuwar rana ta fi azumin cancantar a bar ta. Imamu Malik, da ya kawo labarin a Muwaɗɗa, ya lura cewa an umarci mutumin ya cika abin da yake ɗa'a ne ya bar wanda ba ɗa'a ba. Ƙarnoni bayan haka, Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa da ya rasu a 1388, ya gina ƙa'ida a kan wannan a littafinsa Muwafaƙat: bawa yana iya nufin aikin da ladansa ke da girma ko da wuyarsa mai girma ce, amma ba shi da ikon ya nufi wuyar ita kanta, domin Mai Shari'a bai nufe ta ba. Alwalar asuba a sanyin hunturun Kano tana da lada na musamman ga wanda ba shi da ruwan zafi. Wanda tukunya ke tafasa a gabansa ya tsallake ta ya nufi randa don ya ƙara lada, mura kawai ya ƙara.

To sahabin da ya ƙi sayen jaki fa? Gaskiya labarinsa ba ya shiga ƙa'idar cikin sauƙi, kuma bai kamata a danna shi da ƙarfi ba. Abin da za a iya cewa shi ne, takawa zuwa masallaci aiki ne da shari'a ta ambata da sunansa ta yi alkawarin lada a kansa, tsayuwa a rana kuwa ba wanda ya ambace ta. Bambancin yana wajen wanda ya sa aikin, ba wajen yawan gumin da aikin ya fitar ba.

Mazhabar Malikiyya da Hausawa suka tashi a cikinta ta riƙe igiyar nan ta bakinta biyu, kuma duk wanda ya zauna a zaure ya ji. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya ɗora wa kansa tafiya Makka da ƙafa sai ya taka. In ya gaza ya hau, to zai dawo wata shekarar ya taka wuraren da ya hau, in kuma ya san ba zai iya ba ya zauna ya yi hadaya. Ba a wasa da wannan alkawari. Amma a Mukhtasar na Khalil, ga wanda bai yi bakance ba, hawa aka fifita a kan takawa, koyi da Annabi, kuma don mutum ya isa da sauran ƙarfin addu'a. (Ɗalibai masu son gardama suna da abin tauna a nan: mai keke mahayi ne ko matafiyin ƙasa? A zaune yake a kan sirdi, amma cinyarsa ce injin.)

Wani hukuncin na Malikiyya ne ma ya fi taɓa tarihin ƙasar Hausa. A wajensu samun ikon Hajji ba lalle sai da guzuri da abin hawa ba. Wanda zai iya takawa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu iko. Da wannan fahimta dubban talakawa suka bi hanyar gabas, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, suna tsayawa su yi noma ko dako ko ɗinki ko wanzanci, su tara na gaba su ƙara gaba. Wasu shekaru suka yi, wasu a gonakin auduga na Jazira a Sudan tafiyar ta tsaya musu har jikoki. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Waɗanda suka ƙetare suka zauna a Makka, zuriyarsu ce ake gani da laƙabin Hausawi, kamar Usama Hausawi, haifaffen Makka, wanda ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Masu ɗaga Hajjin keke sukan kafa hujja da waɗannan kakanni, amma kwatancen bai zauna daidai ba. Mutanen nan sun taka ne don babu wata hanya. In suka sami ayarin raƙuma sukan bi, da jirgin ƙasa da manyan motoci suka zo suka hau, da jirgin sama ya zo jikokinsu suka cika shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da duk begen Manzon Allah da aka san shi da shi, bai sami zuwa Hajji ba har ya rasu a 1817, kuma ba a ji wani malami ya rage masa daraja don bai kama sanda ya bi daji ba. Tafiyar keke zuwa Makka tana iya zama abu mai kyau ƙwarai: mutum ya ga ƙasashe ya yi tunani, ya tara wa mabukata kuɗi, ko kuma ita ce kaɗai hanyar da aljihunsa ya iya. Abin da ba ta da shi shi ne takardar shaidar cewa Hajjin mai ita ya fi na tsohuwar Daura da jirgi ya kawo, jikanta ya tura ta a keken marasa lafiya tsakanin Safa da Marwa.

Hawan Hira da Saur kuwa yana da ƙarin wata matsala a kan ta wahala, wato matsayin wurin kansa. Dutsen Nur ya haura mita 600, ana hawansa ta matakala fiye da dubu, masu tsayi da gajarta ba tsari. A hanya akwai masu sayar da ruwa da shayi, da mabarata, da masu riƙe da cokalin gini suna lallaɓa matakala ɗaya suna neman sadaka. A can sama sai an sauka kaɗan ta bayan ƙololuwa, a matse tsakanin duwatsu biyu, kafin a kai kogon, wanda bai kai mita 4 a tsawo ba. Mutum biyu in sun tsaya salla sun cika shi, ga layi a baya ana turereniya. Saur ya fi shi tsawo da wuya, mai matsakaicin ƙarfi yakan yi wajen awa biyu kafin ya kai. A gindin duwatsun hukuma ta kafa alluna cikin harsuna da yawa tana sanar da cewa hawan ba ya cikin aikin Hajji, ba kuma sunna ba ne.

Hujjar allunan tsohuwa ce. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya yi nuni da cewa bayan saukar wahayi Annabi ya zauna a Makka fiye da shekara goma, ya dawo Umara, ya dawo ranar buɗe Makka, ya dawo Hajjin bankwana da dubban sahabbai, ba a ruwaito ya koma Hira ko ya tura wani ba. Haka Nawawi ya soki yadda jama'a ke ɗokin hawa Jabalur Rahma ranar Arfa suna zaton tsayuwa ba ta cika sai a kansa. An kuma ruwaito Sayyidina Umar ya sa an sare bishiyar da mutane suka riƙa zuwa salla a gindinta da sunan a nan aka yi Bai'atur Ridwan. Sai dai ɗansa Abdullahi ya shahara da bin sawun Annabi a hanyar Makka da Madina, yana sauka inda ya sauka, yana salla inda ya yi salla. Uba da ɗa ke nan, gida ɗaya, kowa da inda zuciyarsa ta fi karkata, kuma al'umma ta gaji su duka biyun.

Akwai abin da allo ba zai iya faɗa ba, wanda ƙafa ke koya wa mutum. Duk yaron Islamiyya ya haddace cewa Annabi yakan keɓe a Hira kwanaki ya koma wajen Nana Khadija ya ƙaro guzuri, kuma shi da Sayyidina Abubakar sun ɓuya kwana uku a Saur a shekarar Hijira, 622, Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo musu labarin Ƙuraishawa da dare ya koma kafin gari ya waye, Amir ɗan Fuhaira yana biyo sawunsa da tumaki. A kan allo wannan layi biyu ne. Wanda ya tsaya a rabin Saur numfashi na sarƙe shi, ya tuna cewa a lokacin babu matakala babu fitila, kuma dutsen yana kudu alhali Madina tana arewa, ya fahimci Hijira fahimtar da ba a samu a aji. Wannan ilimi ne, kuma ilimi abin nema ne. Da alama hukumomin ma sun gane haka, domin a 2023 an buɗe wata cibiyar al'adu a gindin Dutsen Nur mai baje kolin tarihin wahayi, aka kuma gyara hanyar hawa. Wanda ya hau don ya gani ya sani, matsayinsa ɗaya da mai keken Shafa, har ya fi shi abin komawa da shi. Wanda ya hau yana ƙirga kowace matakala a matsayin lada, ya ture tsoho don ya sami raka'a biyu a kogo, ya shafi dutse ya shafa a fuska, ya rubuta sunansa da na matarsa da fenti, shi ne malamin ƙofar masauki ke tambaya wa ya aike shi.

Kuma dutsen Makka ba ya wasa. Ibn Baɗuɗa, a ƙarni na 14, ya ba da labarin abokansa biyu da suka nufi Kogon Saur ba ɗan jagora a tsakiyar zafi, suka ɓata, ruwansu ya ƙare, ɗayan da ƙyar ya kai ga wata bukkar makiyaya aka ceto ransa. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 waɗanda ba su da izinin Hajji, suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Yawancinsu talauci ne ya sa su a wannan hanya, ba neman ƙarin lada ba, Allah ya karɓi baƙuncinsu. Amma duk wanda ya ga wannan adadi ya kamata harshensa ya yi nauyi kafin ya gaya wa mai hawan jini ko mai ciwon sukari cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, ya daure ya bi rana. Akwai alhazan da ke ƙin buɗe lema suna ganin ragwanci ne, alhali an riƙe wa Annabi tufa ana yi masa inuwa a hanyarsa ta zuwa jifan Jamratul Aƙaba.

A Aziziyya wannan tambaya ba ta tsaya ga masu hawan dutse ba, kullum sau biyar take zuwa. Salla a Masallacin Harami ta fi salla dubu ɗari a waninsa, unguwar kuma tana cikin iyakar Harami amma tana da 'yan kilomitoci daga Ka'aba. Shin ninkin ya game duk ƙasar Harami, ko ya tsaya ga masallacin da ke kewaye da Ka'aba? Sheikh Bin Baz yana ganin ya game duka, Sheikh Ibn Usaimin yana ganin na masallacin Ka'aba ne kaɗai, ko da yake ya yarda salla a cikin iyakar Harami ta fi ta wajenta. Saboda haka za a ga Hajiya mai shekara saba'in tana kokawar shiga bas da azahar, ta isa an rufe ƙofofi saboda cika, ta yi salla a kan titi, ta dawo ƙafa a kumbure, alhali ga masallaci mai sanyi a bayan masaukinta, ga kuma Arfa na tafe da ke bukatar ƙarfinta. Abokiyar ɗakinta da ta zauna tana jin kamar ta yi asara.

Malaman bita sukan daɗe a kan farillai da wajibai, amma ba kasafai suke gaya wa maniyyata yadda Annabi ya yi kwanakinsa na jira ba. A Hajjin bankwana ya shigo Makka ranar 4 ga Zulhajji, ya yi ɗawafi da sa'ayi, sannan ya koma Abɗah, wajen da ake kira Ma'abda a yau, aka kafa masa tanti. A nan ya zauna yana salla da jama'arsa, yana ƙasaru, har ranar 8 da ya wuce Mina. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa bayan wancan ɗawafin na farko bai sake kusantar Ka'aba ba sai da ya dawo daga Arfa, kuma tsakanin Abɗah da Ka'aba bai kai nisan Aziziyya ba.